An gyara filin ƙwallo, asibitin talakawa fa?

Duk sanda aka tashi kawo misalin yadda wasa kan ɗaga zukatan mutanen da musiba ta afka wa, da wuya a gama magana ba a ambaci birnin New Orleans na jihar Louisiana a ƙasar Amurka ba. Labarin da ake bayarwa gajere ne mai daɗin ji: wai guguwa ta rusa gari, ƙungiyar ƙwallon garin ta tashi ta ci kofi, shi ke nan gari ya farfaɗo. Akwai gaskiya a cikin wannan labari, ba kuma za a ɓoye ta ba. Sai dai abin da aka binne a ƙarƙashinsa ya fi wanda aka fito da shi yawa.

A ranar Litinin 29 ga watan Agustan 2005 ne mahaukaciyar guguwar nan da aka laƙaba wa suna Katrina ta sauka a gaɓar tekun kudancin Amurka. Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, ba iska ce ta cinye New Orleans ba, ruwa ne. Yawancin birnin a kwari yake, ganuwoyin tare ruwa ne ke kare shi, waɗanda injiniyoyin rundunar sojan Amurka suka tsara suka gina. Ganuwoyin nan suka ɓalle a wurare sama da 50, ruwa ya mamaye kimanin kashi 80 cikin 100 na birnin. Mutane sama da 1,300 suka halaka, da yawansu tsofaffi ne. An dai ba da umurnin kowa ya fice kwana guda kafin saukarta, amma wanda ba shi da mota, ga wata ya yi nisa aljihu ya bushe, da me zai fita, kuma ina zai nufa?

Irin waɗannan raunana, mafi yawansu baƙar fata, su ne suka yi tururuwa zuwa katafaren filin wasan nan mai rufi da ake kira Superdome. Sama da mutum 20,000 suka cunkusu a ciki. Iska ta yaye wani sashe na rufin, wutar lantarki ta ɗauke, famfo ya ƙafe, bayan gida ya cika ya tumbatsa, ga zafi, ga jarirai, ga marasa lafiya, kwana da kwanaki ana jiran motocin da za su kwashe su. Kafafen yaɗa labarai kuwa suka shiga baza cewa wai kashe-kashe da fyaɗe ake ta yi a ciki, gawarwaki jibge. Da aka shiga aka duba, gawa shida aka tarar a filin. Waɗanda suka yi yunƙurin tsallake gada da ƙafa don su tsira, 'yan sandan garin Gretna suka tare su da bindiga suka mai da su baya. A gadar Danziger kuwa, ranar 4 ga Satumba, 'yan sanda suka buɗe wa mutanen da ba su ɗauke da ko tsinke wuta, suka kashe biyu. Shi kuma shugaban ƙasa George Bush, ta tagar jirgin sama ya fara leƙa abin da ya faru.

To, wannan filin da ya zama alamar wulaƙanci shi ne gidan ƙungiyar Saints, masu buga ƙwallon nan ta Amurkawa mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a hannu ana gudu ana ka da juna. Ƙungiya ce da ta daɗe tana shan kashi, har a 1980 magoya bayanta kan rufe fuskokinsu da jakar takarda don kunya. A kakar 2005 ta yi ta gararamba tsakanin San Antonio da Baton Rouge, ta ci wasa 3 aka cinye ta 13, ana kuma ta raɗe-raɗin cewa mai ƙungiyar, Tom Benson, zai kwashe ta ya bar garin gaba ɗaya. Nan da nan mahukunta suka miƙe. Aka kashe kimanin dala miliyan 185, mafi yawa daga asusun gwamnati, cikin wata 13 fili ya koma sabo.

Ranar Litinin 25 ga Satumban 2006 aka sake buɗe shi. Mutum wajen 70,000 suka cika shi maƙil, aka kara da ƙungiyar Atlanta Falcons. Ba a yi minti biyu da farawa ba wani ɗan wasa da ba a cika jin sunansa ba, Steve Gleason, ya yi kukan kura ya tare ƙwallon da abokan hamayya suka doka, ɗan'uwansa ya faɗa kanta ya ci. Manyan mutane suka fashe da kuka. Aka tashi 23 da 3. Bayan shekaru uku da 'yan watanni, ranar 7 ga Fabrairun 2010, Saints ta doke Indianapolis Colts da 31 da 17 a birnin Miami, ta ɗauki babban kofin ƙasar karon farko tun da ta fara wasa a 1967.

Bai kamata wani ya raina waɗannan hawaye ba. Mutumin da ya yini yana kwashe ruɓaɓɓun katakai da taɓo daga ɗakin da ya haifi 'ya'yansa, yana kwana a ɗan akurkin tirela da hukuma ta ba shi, yana jin wasu manyan 'yan siyasa na tambayar wai ko akwai amfanin sake gina garinsa ma, in ya sami sa'o'i uku da zai yi ihu tare da maƙwabtansa da ya yi shekara bai gani ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan Adam ba da tuwo kaɗai yake rayuwa ba. Komawar ƙungiyar ta zama shaida gare su cewa garin bai mutu ba.

Abin tambaya shi ne, wannan hanzari da aka gani a kan filin ƙwallo, ina ya shiga da aka zo kan asibiti? Asibitin Charity, wanda asalinsa ke komawa zuwa 1736, shi ne matattarar marasa galihu na birnin, a nan aka haifi da yawansu. Bayan ruwa ya janye, sojoji da likitoci suka share benayensa na ƙasa cikin 'yan makonni, amma hukumomin jiha suka ƙi sake buɗe shi. Sabon asibitin da ya maye gurbinsa sai a watan Agustan 2015 ya fara aiki, shekara goma cur. Malaman makaranta da sauran ma'aikatan ilimi sama da 7,000, mafi yawansu baƙar fata, aka sallame su daga aiki a lokacin da suke gudun hijira. A watan Disambar 2007 majalisar birni ta amince a rushe gidajen gwamnati kimanin 4,500 da talakawa ke haya, alhali da yawansu ruwan bai yi musu wata mummunar illa ba. Waɗanda suka zo nuna rashin amincewa, da barkonon tsohuwa aka tarbe su a bakin ƙofa.

Hatta tallafin sake gina gidaje, wanda aka kira Road Home, da mugun zare aka saƙa shi. Ana auna abin da za a ba mutum da darajar gidansa a kasuwa kafin guguwa, ba da abin da gyaran zai ci ba. Gida biyu iri ɗaya, ɓarna iri ɗaya, kuɗin katako da siminti ɗaya, amma na unguwar baƙar fata ya fi araha a kasuwa, saboda haka mai shi ya sami abin da ba zai kai shi ko'ina ba. Sai da aka kai ƙara kotu a 2008, aka sasanta a 2011, bayan da yawa sun riga sun haƙura da komawa. Ihu bayan hari ke nan.

Inda aka ga farfaɗowa ta haƙiƙa a unguwanni, jama'a ne suka tashi da kansu. A unguwar Algiers, wani tsohon ɗan gwagwarmayar baƙar fata, Malik Rahim, shi da 'yan tsirarun abokansa suka kafa ƙungiyar Common Ground 'yan kwanaki bayan guguwar. A cikin masallacin Bilal na unguwar aka buɗe ɗakin shan magani kyauta a watan Satumban 2005, kafin hukuma ta waiwayi wurin, daga baya dubban 'yan sa-kai suka zo suna yashe gidaje. A gabashin birnin kuma, 'yan asalin ƙasar Biyetnam da suka zauna can tun daga 1975, a kewayen cocinsu suka haɗa kai ƙarƙashin limaminsu Vien Nguyen. Tun watan Oktoban 2005 suka fara dawowa, suna gyara gidajen juna ɗaya bayan ɗaya. Da magajin gari Ray Nagin ya ba da izinin buɗe juji na tarkacen guguwa kusa da unguwarsu, tsofaffi da matasa suka fito zanga-zanga har aka rufe shi a watan Agustan 2006. Shi Nagin ɗin, a 2014 kotu ta ɗaure shi shekara 10 kan cin hanci.

Ƙidayar 2000 ta nuna mutum 484,674 ne a New Orleans. Ta 2010, wato shekarar da aka ci kofi, ta nuna 343,829, kuma mafi yawan waɗanda suka ɓace daga lissafin baƙar fata ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka kwana a kan kujerun Superdome a 2005, daga Houston da Atlanta suka kalli wasan cin kofin a talabijin. A 2012 aka kafa gunkin Steve Gleason a ƙofar filin, aka sa masa suna mai ma'anar sake haihuwa. Unguwar Lower Ninth Ward, inda ruwa ya tumɓuke gidaje daga tushensu, tana da mutum kusan 14,000 kafin guguwa. A ƙidayar 2010 ba su kai 3,000 ba.