GIDA DA LAMBU: Kaktus mai lilo, baƙon da ba ya son rana

 

A wannan fitowa za mu bar zogale da yakuwa su huta, mu shiga cikin ɗaki. Tambayoyi sun taru daga ƙungiyoyin birni a kan wani tsiron ado da ake ratayewa, mai siraran rassa kore masu zubowa ƙasa kamar kitson da aka yi wa ƙari. Wata wurin masu saida furanni ta saye shi, wata kuma ƴar uwa ce ta riƙo mata tsaraba daga Kwatano ko Lome. Kukan dai ɗaya ne: an ce musu kaktus ne, ba ya son ruwa, a aje shi cikin rana. Kafin wata guda ya yi ja, ya yanƙwane, ya mutu. To jikka biyu ko uku ba abin wasa ba ne wurin macen da ke zubin dala ɗari a sati.

Daga ina ya fito?

Gaskiya ne kaktus ne, amma ba na hamada ba. Masana tsirrai na kiransa Rifsalis, mu kuma a nan za mu ce masa mai lilo. Danginsa sun wuce iri 30, kuma mafi yawansu a dazuzzukan Brazil suke. Duk sauran kaktus na duniya asalinsu nahiyar Amurka ne, sai iri ɗaya tak na wannan mai lilo da ake iskewa yana tsirowa da kansa a dazuzzukan Afirka masu yawan ruwa, kamar na Gana da Kamaru, har Madagaska da Siri Lanka. Masana da yawa na ganin tsuntsaye ne suka kai irinsa can, don suna cin ƴaƴansa, waɗansu ƴan ƙanana farare kamar duwatsun wuya.

A can dajin, bisa manyan itatuwa yake zama, cikin rassa, inda ruɓaɓɓen ganye ya taru. Kada ku ɗauka kauci ne. Kauci yana huda icce ya sha ruwan jikinsa, shi kuwa wannan wurin zama kawai ya ara. Ganyen icce na yi masa inuwa, ruwan sama na dukansa kusan kullum ya wuce, iska na ratsa saiwarsa. Mu kuma a nan ruwan shekara a Maraɗi ko Yamai bai cika wuce milimita 600 ba, na Tawa bai ma kai haka ba, kuma a watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. Aikinmu shi ne mu kwaikwayi wancan reshen icce a cikin ɗakinmu: inuwa mai haske, ƙasa mai sakin ruwa, da ɗan laima.

Kama da wane ba ta wane

Kafin komai, ku tabbatar abin da ke hannunku shi ne. Akwai wani tsiro mai rassa kamar fensir, ɗan gidan su aguwa da tinya, wanda ke kama da mai lilo ƙwarai idan yana ƙarami. Ga yadda za ku bambanta: ku karya ƙarshen reshe kaɗan, fuskarku nesa. Idan farin ruwa ya fito kamar nonon tumfafiya, ba shi ba ne. Mai lilo ba ya da wannan farin nono, kuma rassansa ƙasa suke zubowa, na wancan kuwa sama suke miƙewa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai ƙananan yara. Farin nonon nan yana ƙona fata, idan ya shiga ido yana sa raɗaɗi mai tsanani, har mutum ya kasa gani na ƴan kwanaki. In tsautsayi ya faɗa, a wanke idon da ruwa mai tsabta, a yi ta kwarara shi aƙalla minti 15, sannan a tafi gidan likita nan take. Kada a ɗiga nono, kada a sa kwalli ko wani maganin gida. Shi mai lilo na gaskiya ba ya da guba, amma ba abinci ba ne, a rataye shi inda hannun yaro ba ya kai.

Inda za a rataye shi

Ragayar nan da iyayenmu ke rataye ƙwarya da ita, ita ce daidai shi. Ku nemi wuri kusa da tagar gabas, inda zai ga ranar safe kaɗan, kafin ƙarfe 9, daga nan sai inuwa har yamma. Baranda mai rufi ma ta yi, muddin ranar azahar ba ta taɓa shi. Idan kuka ga rassa sun fara ja ko ɗorawa, rana ta yi masa yawa, ku matsar da shi ciki. Idan kuma sababbin rassa suka fito sirara ƙwarai, ba ƙarfi, duhu ne ya yi yawa.

Ɗakin ƙasa ya fi masa ɗakin tol. Mai ɗakin tol kada ta ɗaga shi kusa da rufi, don can zafi ke taruwa. Ta saukar da ragayar zuwa daidai kafaɗarta. Wuri mafi daɗi gare shi a gidajenmu shi ne kusa da randa, inda iska ke da ɗan sanyi da laima. A nisanta shi da hayaƙin murhu, kuma kada fanka ta dinga busa shi kai tsaye.

Tukunya da ƙasa

Saiwarsa ƴar kaɗan ce, ba ya son babbar tukunya. Ƙaramar tukunyar ƙasa irin ta Mirya ko ta Bubon ta isa, ko robar da aka daina aiki da ita. Sharaɗi ɗaya ne: a huda gindinta, huda uku ko huɗu. Tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa amma tana saurin bushewa. Roba tana riƙe ruwa, sai a rage ban ruwa.

Kada ku ɗebo laka ta fadama, tana shaƙe saiwa. Rairayin jigawa zalla shi ma ba ya riƙe komai. Ga haɗin da muke ba da shawara, da gwangwani ɗaya za a auna: takin da ya ruɓe sarai har ya koma baƙar ƙasa, gwangwani biyu; ɓawon gujiya da aka ɗan daddaka, gwangwani ɗaya; gawayi da aka farfasa kamar girman wake, gwangwani ɗaya; yashi mai tsakuwa, gwangwani ɗaya. Ku gwada kafin ku dasa: ku zuba ruwa, in ya fito ta ƙasa nan da nan, haɗin ya yi. In ya tsaya sama kamar tabki, ku ƙara gawayi da yashi. Gara tana son ɓawon gujiya, shi ya sa ba a aje tukunyar a ƙasa ko a jingine ta da bango.

Ban ruwa bisa lokaci

Yatsa shi ne ma'auni. Ku tura shi cikin ƙasar har gaɓa ta farko. In kun ji bushewa, ku ba da ruwa sosai har ya ɗigo ta gindi. In da sauran laima, ku bari sai gobe. Da damana sau ɗaya a sati yakan isa. Da bazara yana iya nema duk kwana biyu ko uku, a ba shi da sassafe ko bayan la'asar. Da dari ƙasa ba ta saurin bushewa, amma iskar hunturu tana tsotse rassan, ga ƙura tana toshe su. Lokacin nan ku dinga yayyafa masa ruwa a jiki da safe, sau ɗaya a sati kuma ku sauke shi ku ɗauraye ƙurar. A dararen da sanyi ya tsananta, wanda ke baranda a shigo da shi ɗaki.

Ba ya cin ruwa da yawa, kofin shayi biyu ko uku sun ishi ƙaramar tukunya. Ruwan sama ya fi kowane. Ruwan alwala da ba sabulu cikinsa ya yi. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuwa a'a. Masu rijiya mai ɗanɗanon kanwa za su ga farin abu na taruwa bisa ƙasar. Ku kankare shi, ku kwarara ruwan sama ko na famfo ya wanke sauran. Kada a bar tukunyar zaune cikin faranti mai ruwa.

Ga inda mata da yawa ke ruɗewa: yanƙwanewar rassa ba kullum ƙishirwa ba ce. In rassa sun yanƙwane ƙasa kuma a bushe, ƙishirwa ce. In sun yanƙwane alhali ƙasa jiƙe take, gindin ya yi laushi ya yi baƙi, saiwa ce ta ruɓe, ƙarin ruwa ƙarasa shi zai yi. Sai a yanke rassan da ke da lafiya a sake dasawa cikin sabon haɗi.

Taki da ƙwari

Kada ku zuba masa takin zamani irin na hatsi, yana ƙona saiwa. Da damana, sau ɗaya a wata, ku jiƙa ruɓaɓɓen taki cikin hannu ɗaya a bokitin ruwa ya kwana, ku tace, ku tsarma shi har ya yi kalar shayi marar ƙarfi, ku ba shi. Da dari da bazara a bar shi ya huta.

Babban maƙiyinsa wani ƙwaro ne fari mai kama da ɓurɓushin auduga, yana laɓewa a mahaɗar rassa. Ku duba duk ranar zubi kafin ku fita. In kun gan shi, ku tsoma auduga cikin alkol na farmasi ku goge shi ɗaya bayan ɗaya, ku sake bayan sati. Ku raba tukunyar da sauran tsirrai har ya ƙare.

Yadda ake yaɗa shi

Farkon damana, Yuni zuwa Yuli, shi ne lokaci. A yanki reshe mai lafiya tsawon santimita 10 zuwa 15 da reza mai tsabta. A aje shi a inuwa kwana biyu bakin yankan ya bushe. Wanda aka dasa ɗanye ruɓewa yake. Sannan a soka gindinsa kamar santimita 2 cikin haɗin nan mai ɗan laima. A sa biyar ko shida a tukunya ɗaya don ta cika da kyau. Cikin sati 3 zuwa 6 sai ya kama. Alamar ita ce in kun ɗan ja shi a hankali, za ku ji ya riƙe.

Wasu sun tambaya ko a ɗauki bashin asusu a shiga sana'arsa. Shawararmu ita ce a dakata. Tsiro ne mai jinkirin girma, bashi kuwa yana da ranar biya, kuma masu sayensa ba su da yawa, sai a manyan birane. Abin da ya fi, mace ɗaya mai ɗaki mai sanyi ta riƙe uwar, da damana ta yanka ta rarraba wa ƴan ƙungiya. Wadda nata ya tsallake bazara guda lafiya, ita ce ta san hannunsa. Daga nan a fara maganar kai wa masu ofis da masu otel. Sannu ba ta hana zuwa.

Wadda ke da tambaya ta ba sakatariyar ƙungiyarta ta rubuto mana, ta faɗi garinsu da irin ɗakin da take ciki, don amsar Tawa ba lalle ta zama ta Yamai ba. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu koma tsakar gida mu yi maganar shuka na'ana'a da albasa mai lawashi cikin tsofaffin bokitai. Mu kwana nan, a gaida mutanen gida.