Talaucin da ba shi da takarda



Duk shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, sai ka ga grup-grup na WhatsApp sun cika da sanarwar burs ta ƙasashen waje, kuma Amurka ce kan gaba a bakin matasa. Abin da ba a cika faɗa muku ba shi ne, kafin jami'ar can ta taimaka maka da ko sisi don kana da buƙata, sai ta leƙa aljihun babanka da na mamarka. A rubuce take so, da hujja. Ni ban ga laifin tambayar ba. Inda nake da ja shi ne a ɗora wa yaro ɗan shekara 18 nauyin tabbatar da talaucin gidansu da takardar da gidan bai taɓa mallaka ba.

Bari mu fara da yadda abin yake a can. Ɗalibi ɗan ƙasar Amurka da ke biɗar tallafin gwamnatin tarayya yana cika wata takarda mai suna FAFSA, wadda aka kafa a 1992. Da ita ake lissafa abin da gidansu zai iya biya. Ɗan talaka yana iya samun tallafin Pell, kuɗin da ba bashi ba ne, wanda ya kai dalar Amurka 7,395 a shekarar karatu ta 2024-2025, wato sama da miliyan 4 na sefa. Amma muddin bai kai shekara 24 ba, bai yi aure ba, ba ya ciyar da ƴaƴan kansa, ba maraya ba ne, bai yi soja ba, doka na ɗaukarsa yaron iyayensa ne. Dole a sa abin da suka samu da harajin da suka biya shekara 2 baya. In uba ya ce ba ya ba da bayanansa don ran kansa, yaro ya rasa Pell, sai dai wani ɗan bashi mai ruwa. Laifin babba, rowa. Amma yaron ne ke biya.

Shekara da shekaru takardar na da tambayoyi 108. Bayan an cika, ana tsamo wasu a ce su kawo ƙarin hujja, kuma ƴaƴan talakawa aka fi tsamowa, tun da su ne ke karɓar tallafin. A 2008 wasu masu bincike suka yi gwaji a jihohin Ohio da North Carolina tare da kamfanin H&R Block mai taya mutane cika takardun haraji. Iyali masu ƙaramin ƙarfi in sun zo cika harajinsu, sai a taya su cika FAFSA nan take da bayanan da ke gaban ma'aikaci. A cikin yaran da aka taimaki iyayensu, kashi 36 cikin 100 suka yi shekara 2 a jami'a; cikin waɗanda ba a taimaka ba, kashi 28. Ba a ƙara musu kuɗi ba, ba a ƙara musu ƙwaƙwalwa ba. Takarda kawai aka ɗauke musu.

Da wannan tunani majalisar Amurka ta yi dokoki 2, a 2019 da 2020. Aka rage tambayoyi sosai, aka kuma sa hukumar harajinsu, IRS, ta riƙa tura bayanan iyaye kai tsaye in sun amince. Hikimar ta yi: abin da gwamnati ta riga ta sani, me ya sa za ta aiki yaro ya nemo mata? Sai dai da aka zo aiki, takardar da aka saba buɗewa 1 ga Oktoba ba ta buɗe ba sai ƙarshen Disamba 2023. Iyayen da ba su da lambar shaidar nan ta Social Security, galibinsu baƙi marasa takardun zama, suka yi makonni na'ura na ƙin karɓarsu, alhali ƴaƴansu haihuwar can ne, suna da cikakken haƙƙi. Sai kuma a Afrilu 2025 IRS ta sa hannu a yarjejeniyar musayar bayanai da hukumomin shige da fice. Doka ta taƙaita amfani da bayanan FAFSA ga sha'anin tallafi, amma uban da ke tsoron kora ba doka yake karantawa ba. Ƴan Nijar da yawa na zaune a New York da Greensboro, don haka wannan ba labarin nesa ba ne, na ƴaƴan yayyenmu ne.

To kai da ke Maraɗi ko Damagaram fa? FAFSA ba taka ba ce, ta ƴan ƙasa ce da masu izinin zama. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa za su tura ka ga CSS Profile, wadda kuɗinta dalar Amurka 25 ne ga makaranta ta farko, 16 ga kowace ƙari, ko su ba ka tasu takardar. Za a tambaye ka abin da iyayenka suka samu a shekara, kadararsu, da hujja: takardar haraji, ta albashi ko ta banki. Don Allah ku gaya mini, manomin Dakoro da ke ƙirga shekararsa da damin gero, wace takardar albashi zai kawo? Lanhon da yake biya wurin maigari kuɗi ɗaya ne ga mai shanu 100 da wanda ba shi da ko akuya. Rasit ɗinsa na nuna ya biya, ba ya nuna abin da ya samu. Uwa mai tuyar ƙosai ba ta da asusu, adashi take. Kuma a wane gurbi za a sa gida mai mata 3, ƴaƴa 17 da ƙanen uba da ke turo kuɗi daga Libiya in Allah ya hore?

Za a ce mini in ba takarda, masu hali za su yi shigar talaka su kwashe. Gaskiya ne, cuta na nan. Amma ku duba wanda takarda ke kamawa a ƙasa irin tamu. Malamin lakwal albashinsa a rubuce yake har dala ta ƙarshe, ga mutum 15 a wuyansa, takarda ta ce yana da hali. Babban ɗan kasuwa mai manyan motoci, wanda rabin cinikinsa ba ya shiga littafi, takarda ta ce ba shi da komai. Ma'aunin da ke auna mai gaskiya ya tsallake mai wayo, ba adalci ba ne, ko da tambari 10 aka buga masa.

Shi ya sa nake cewa mu koyi darasin tun kafin ya zo mana. Ina cikin masu son tallafin da ANAB ke rabawa ya ƙara la'akari da halin gida, don ɗan ƙauyen da ya ci bak da fitilar waya ba daidai yake da ɗan Plateau ba. Amma duk ranar da za a auna halin gida, ga abin da ya kamata mu tsaya a kai. Abin da gwamnati ta sani, kamar albashin ma'aikatanta, ta nemo da kanta. Inda babu takarda, a je a gani: shirin tallafin iyali da aka fara a ƙasar nan a 2011, wanda a lokacin yake ba da jika 10 a wata, da duba gida, yawan mutane da abin hannu yake zaɓen matalauta, ba da takardar haraji ba. Yaron da ubansa ya yi watsi da shi a ba shi hanyar kai kukansa. Bayanan da uwa ta bayar don karatun ɗanta kada su koma hannun masu karɓar patanti, in ba haka ba babu mai sake faɗin gaskiya.

Ku kuma masu cika dosiye bana, kada ku sayi takardar boge. In aka gane, burs da gurbin karatu duk sun tafi. Ku rubuta wa ofishin tallafi na jami'ar, ku bayyana cewa iyayenku ba sa cika takardar haraji, ku tambayi abin da suke karɓa a madadinta. Ku zauna da iyaye tun da wuri, da ladabi, don kun san a gidajenmu ɗa ba ya tambayar uba nawa yake samu.

Wanda ya taɓa cika irin waɗannan takardu ya taya ƙane ɗaya a unguwarsu. Allah ya ba ƴaƴan talakawa sa'a.