Hankali Ba Iska Ba Ne

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane, daga Fagge har Sabon Gari, wai hankali ba ruwansa da jiki. Saboda haka da zarar yaro ya yi zazzaɓi ya fara sambatu, sai a ce iska ta buge shi, a kulle ɗaki, a yi ta banka masa turare. Wannan magana ƙarya ce, ta kuwa kai yara da yawa kushewa.

Ku tuna da shekarar 1996, sa'ad da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, Asibitin Zana ya cika maƙil. Ƙwayoyin cuta ne ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, sai wuya ya sanƙare, yaro ya kasa shaida uwarsa. In aka yi masa allura da wuri, sau da yawa hankalinsa yakan komo. To, wane aljani ne ke gudun allura?

Dubi kuma ruwan kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa shi a 2018. Saurayi mai kunya ya sha kwalba guda, nan da nan idonsa ya juye, harshensa ya karye. Tun 1846 kuwa likitoci a Boston ta Amurka suka nuna za a iya shaƙa wa mutum magani, a tsaga shi bai sani ba. Abin da ruwan kwalba ke iya dusashewa, lalle a jiki yake rataye.

Wani zai ce, ina ruhu? Ruhu al'amarin Ubangiji ne, ba mu musanta shi ba. Masanan duniya ma har yau gardama suke yi a kan yadda tsokar da ba ta kai kilo 2 ba take jin zaƙin zuma da ɗacin rashi. Amma rashin sanin asalin wuta bai hana kowa sanin fitila na bukatar mai ba.

Jama'a, mun koyi karatu domin mu fita daga duhu. In ɗanka ya yi zazzaɓi, wuyansa ya sanƙare, yi addu'arka a kan hanyar asibiti, kada ka bari ya kwana.