Gyaran gida: ƙyauren da ya cije

A Urafane, bayan girbi, magidanta kan yi wa ɗakuna sabon yaɓe. Ana gamawa, sai ƙyaure ya cije. Katako ne ya sha laimar ɗanyar laka, ya kumbura.

Mai gaggawa yakan sassaƙe shi da gizago. Kuskure ne! In hunturu ya busar da katakon, kafa za ta buɗe, ɓera da kunama su samu hanya.

Gara a jira laka ta bushe. In bai saki ba, a shafa gawayi a gefen ƙyauren, a rufe. Inda baƙi ya fito, nan kaɗai za a kankare, a goga sabulu.

Amma in azarar bisa ƙofa ce nauyin laka ya lanƙwasa, a fid da yara, a kira magini.