Kalmar "Warkewa" da Masu Rayuwa Bayan Dajin Huhu

A Gaya da Ajingi, kamar a sauran ƙasar Hausa, wanda ya daɗe yana tari, tarin fuka ake fara zarginsa da shi. Saboda haka ciwon dajin huhu ba kasafai ake gano shi da wuri ba, kuma kaɗan ne ke samun tsawon rai bayansa. A kan waɗannan 'yan kaɗan ɗin nake son yin magana, domin ina ganin harshenmu bai yi musu tanadi ba.

Idan aka sallami majinyaci daga asibitin koyarwa a Kano ko Shika, labarin da ke isa gida shi ne "ya warke". Ga Bahaushe, warkewa rufe magana ce: a yi barka, a yi sadaka, a koma gona. Ga likita kuwa ba haka ba ne. Wanda ya tsira daga dajin huhu ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da wani sabon daji, a huhu ko maƙogwaro ko mafitsara, musamman in ya sha taba, domin hayaƙin ba wuri ɗaya ya yi wa lahani ba. Wannan ba tsohon ciwon ne ya dawo ba, amma "ya dawo" kaɗai muke da ita, kuma daga ita sai zargin sammu.

Na biyun ya fi ɓuya. Gashi da na'ura, da sababbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, suna iya raunana ƙullutun wuyan nan da kumburinsa ke haifar da maƙoƙo. Alamominsa su ne kasala da ƙiba da rashin jure hunturu. Wace tsohuwa ce a Ajingi ba za ta ce sanyi ne ba? Lewis Wall, a littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa, ya nuna faɗin gurbin da sanyi ke da shi a tunaninmu na cuta. Sai a hau jiƙe-jiƙe, alhali gwajin jini ne zai bayyana matsalar, kuma ƙwaya ɗaya kowace safiya takan daidaita ta.

Za a ce wannan aikin likitoci ne. Ban yarda ba. Likita ya san cutar, amma jimlar da majinyaci zai kai wa iyalinsa a ranar sallama, da Hausa za a gina ta. Sassanmu sun ƙirƙiri kalmomin nahawu da na adabi masu yawa. Ya kamata mu zauna da ma'aikatan jinya na Babban Asibitin Gaya, mu ji yadda suke bambanta "sauƙi" da "lafawa" da "warkewa" a bakin gado, mu fara daga nan.