Shaidar Zur Ta Shiga Waya

Jama'a, akwai wata sana'a da ke neman samun gindin zama tsakanin samarinmu a Duwala, kuma gara mu kira ta da sunanta tun ba ta zama jiki ba: sayar da shaidar zur. Mai shago zai tura wa yaro 'yan kuɗin kati, yaron ya tara abokai, kowa ya buɗe Google Maps ko Facebook ya danna taurari biyar, ya rubuta cewa bai taɓa ganin tela mai cika alkawari kamar wannan ba. Alhali ko layin da shagon yake bai sani ba.

Masu dandalin da kansu sun farga. Google ya ce a shekarar 2023 kaɗai ya toshe ko ya goge sharhi sama da miliyan 170 da suka saɓa ƙa'idarsa. A watan Janairun 2025 ya yi wa hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya alkawarin liƙa gargaɗi a shafin duk kasuwancin da aka kama yana sayen yabo, kowane mai saye ya gani. A Amurka, tun Oktoban 2024 tarar laifi guda irin wannan tana iya wuce dala dubu 50. A Italiya kuwa, a 2018 kotu ta yanke wa wani ɗaurin wata 9 saboda sayar da yabon ƙarya a TripAdvisor. Abin da duniya ke kai mutum kurkuku a kansa, shi ne mu muke kira wayo.

Na sha jin masu cewa ai talla ce kawai. Ni aikina rediyo ne, na san talla. Idan mai kilishi ya biya aka yabi kayansa a iska, mai sauraro ya san an biya, sai ya auna maganar da wannan ma'aunin. Amma wanda ya shigo da rigar mai saye ya ce ya ci ya ji daɗi, alhali bai ɗanɗana ba, ya sace wa mutane ma'aunin ne gaba ɗaya. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan. Najashi suke kiransa, wato mutum ya tsaya yana ƙara wa kaya kuɗi ba da niyyar saye ba, sai don wani ya ruɗu, kuma haramun ne. Sauya kasuwar daga tike zuwa waya bai sauya hukuncin ba.

Wasu kuma su ce, wa aka cuta? A tambayi matar da ke Garwa ko Ngaundare, wadda ta ga taurari ta tura kuɗin kayan auren 'yarta zuwa Kasuwar Kongo, ranar biki ta zo ɗinki bai zo ba. A tambayi dattijon da ya shekara 30 a kan keken ɗinki a New Bell bai taɓa cin yadin kowa ba, yau yana zaune yana kallon ciniki na wucewa zuwa shagon da aka buɗe jiya, don shi bai san inda ake sayen taurari ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jarin da muke ƙonawa. Tun zamanin Jamus iyayenmu suke fatauci a wannan gari, kuma da amana suka kafu. Baƙo ya sauka da shanu ko goro, mai masauki ya tsaya masa, a ba da kaya bashi babu takarda, domin kalmar mutum ɗaya ta isa. Wannan suna ne ya sa Badawala da Bamileke suke ba Bahaushe ajiya su yi barci. Ranar da aka fara ganin gargaɗin yabon bogi a shagunanmu ɗaya bayan ɗaya, ba za a ce wane ya yi ba, cewa za a yi Hausawa ne.

To amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Waɗannan kamfanoni su suka mayar da tauraro abin da ke ɗaga shago ko ya binne shi, sannan suka bar ƙofa a buɗe. Abokin hamayya yana iya hayar yara su zuba maka tauraro ɗai-ɗai su ɓata ka, ko su zuba maka yabon ƙarya don a zarge ka. In haka ta same ka, sai cike fom da jiran amsa daga wanda ba ka gani. Kamaru tana da dokar cinikin intanet tun 2010, da dokar kare masu saye tun 2011. Ya kamata Ma'aikatar Kasuwanci ta fito ta gaya wa 'yan kasuwa, da harshen da suke ji, inda mai sayen yabo ya tsaya a gaban waɗannan dokoki, da inda wanda aka ɓata zai kai kuka.

Kafin nan, mai saye ka buɗe ido. Yabo 20 a rana guda, da kalmomi iri ɗaya, daga sunayen da ba su taɓa yabon wani wuri ba, wannan haya ce. Kira shagon, ka nemi wanda ya taɓa saye a can. Shugabannin kasuwa da limamai, ku yi magana a kai kamar yadda kuke yi a kan tauye mudu. Ku kuma samari, kuɗin katin zai ƙare kafin magariba, amma ƙaryar tana nan da sunanku, tana ci gaba da ruɗar bayin Allah kuna barci. Allah Ya sa mu gyara.