Tsohuwar takarda, sabuwar na'ura: wa zai tsaftace rumbun bayanan gwamnati?

Tun da Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya ƙaddamar da manhajar Service-Wise GPT a farkon 2025, ya kuma sanya ƙarshen shekarar a matsayin wa'adin daina aiki da fayil na takarda, hankalin ma'aikatu ya karkata ga sayen na'urori da horar da ma'aikata. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne takardun da ake ɗura wa irin wannan manhaja.

Mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira ba ya haddace dokokin aiki. Idan an tambaye shi, yakan shiga rumbun da aka ajiye masa a intanet, ya tsinto sassan da suka fi kama da tambayar, ya harhaɗa amsa. Kama yake nema, ba inganci ba.

A dubi wa'adin shekara takwas na daraktoci. An kafa shi a 2009, aka dakatar da shi a 2016, sannan aka dawo da shi a 2023 cikin Dokokin Aikin Gwamnati da aka yi wa garambawul. Takardun ukun duka na gaske ne, duka da sa hannu. Idan aka zuba su wuri ɗaya ba tare da alamar wadda ta soke wata ba, na'ura na iya gaya wa darakta cewa wa'adin bai shafe shi ba, cikin lafazi mai gamsarwa kuwa. Tsohon magatakarda a ɗakin ajiyar fayiloli ba zai yi wannan kuskure ba, domin ya ga lokacin da kowacce ta iso. Haka ma shekarun ritaya: 60 ga yawancin ma'aikata, amma 65 ga malaman makaranta tun dokar 2022.

Alhaki kuwa ba ya komawa kan na'ura. A 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta tilasta wa kamfanin jiragen Air Canada biyan fasinjan da manhajarsa ta yi wa bayanin da ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin.

Akwai kuma batun sirri. Rumbun da ya haɗa sanarwar kowa da kowa da fayil ɗin ladabtarwa ko rahoton likita zai bayyana su ga duk wanda ya iya tambaya, lamarin da ya ci karo da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ajiye bayanan a Galaxy Backbone maimakon ƙasar waje bai magance wannan ba.

Saboda haka kowace ma'aikata na buƙatar jami'i takamaimai, mai suna da muƙami, wanda zai rubuta wa kowace takarda ranar fara aikinta, wadda ta maye gurbinta, da waɗanda aka yarje wa karanta ta. Hadimin da zai shirya wa minista jawabi kuma, ya nemi lambar takardar da amsar ta fito daga ciki, ya buɗe ta da kansa kafin ya miƙa.